Ɗorawa: Daga Tukunyar Miya Zuwa Daɓen Ɗaki

Ɗorawa babbar itaciya ce mai faɗin kai da duhun inuwa, wadda ke fitowa a yankin da ya miƙe daga Senegal a yamma har zuwa Sudan ta Kudu da arewacin Uganda a gabas. Tsayinta yakan kai mita 20, wani lokaci ma ya zarce haka. Ɓawon jikinta toka-toka ne mai kaushi da tsage-tsage, ganyenta kuma ƙanana ne a jere bibbiyu kamar na tsamiya, sai dai sun fi na tsamiya yawa da ƙanƙanta. Tana son ƙasar da ke samun ruwan sama matsakaici, shi ya sa a ƙasar Hausa ta fi yawa a Zazzau da kudancin Katsina da kudancin Kano da Bauchi, a Jamhuriyar Nijar kuwa sai can kudu, musamman wajen Gaya. Masana tsirrai suna kiranta Parkia biglobosa. Robert Brown ne ya raɗa wa danginta sunan Parkia a 1826 don tunawa da Mungo Park, matafiyin nan ɗan Sukotlan da ya rasu a Bussa a 1806. Yarabawa suna kiran daddawar da ake yi da 'ya'yanta iru, mutanen Mali da Burkina Faso suna cewa sumbala, a Senegal kuma netetu. A Gana kalmar Hausa ce ta zauna a bakin kowa: dawadawa, sunan abin miya da na itaciyar baki ɗaya.

Matsayinta a rayuwar Bahaushe ya fito fili tun daga harshensa. Launi biyu ya ara daga jikinta. Abin da yake rawaya yakan ce ruwan ɗorawa ne, har ma mai sharhin ƙwallon ƙafa a rediyo yau yana cewa alƙalin wasa ya ɗaga kati mai ruwan ɗorawa, ko da shi kansa bai taɓa lasar garin ɗorawa ba. Launin da ke tsakanin ja da baƙi kuma shi ne makuba, sunan ɓawon 'ya'yan itaciyar da ruwan da ake jiƙa shi a ciki. Sunayen wurare ma sun riƙe ta, kamar unguwar Ɗorayi a Kano da garin Ɗorawar Sallau a ƙaramar hukumar Garun Malam. Ban da wannan, kowane mataki na haihuwarta yana da sunansa daban, kuma al'umma ba ta ɓata lokaci wajen rarrabe sunayen abin da ba ta mu'amala da shi kullum.

Shekarar ɗorawa tana farawa ne da sanyin hunturu. Daga wajen Disamba zuwa Maris takan fid da fure jajaye, dunƙulallu, kowanne yana lilo a ƙarshen dogon tsinke kamar tuntun hula. Wannan shi ne tutu. Da almuru yake buɗewa, ya zub da ruwa mai zaƙi wanda jemagu ke zuwa sha cikin dare, ƙudan zuma kuma su biyo da sassafe, kuma ta haka ne ake samun barbarar furen. Yaran ƙauye sukan tsinko tutu su tsotse zaƙinsa, manya suna yi musu tsawa domin kowane tutun da aka tsinke damin 'ya'ya ne aka rasa. Idan fure ya zube sai 'ya'ya su fito sirara, kore shar, ana kiransu sabada, in sun fara ƙwari kuma su zama garda. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin bazara ya kai maƙura, 'ya'yan suke nuna, su koma launin ƙasa-ƙasa, dogaye, wasu kusan kamu ɗaya, suna rataye tuli-tuli. Ana sauke su da maƙata, wato doguwar gora mai ƙugiya a kai, ko kuma samari su hau su kakkaɓo, mata da yara suna tarawa a ƙasa suna ɗaurewa dami-dami.

Lokacin nan na nuna shi ne sirrin darajarta ta farko. Ƙarshen bazara da farkon damina su ne kwanakin da rumbu ke yin ƙasa, aikin gona kuma yana ƙaruwa. A daidai nan ɗorawa ke kawo garinta. Idan aka ɓare kwanso, a ciki akwai gari rawaya mai laushi da zaƙi wanda ya lulluɓe ƙwayoyin. Ana shanya shi, a daka a turmi a hankali, a tankaɗe, gari ya fita gefe guda, ƙwaya gefe guda. Yara suna afa shi a baki haka nan har leɓɓansu su rine. Manya sukan dama shi da ruwa ko nono su sha a gona, ko a zuba a kunu don ƙara zaƙi da auki, a zamanin da sukari ke da tsada da wuyar samu a ƙauye. Gidan da ya adana tukunyar garin ɗorawa yana iya rage awon hatsin da yake ɗiba kullum, kuma a shekarun yunwa wannan ragi ba ƙaramin abu ba ne.

Ƙwayar da ta rage bayan cire gari ita ce kalwa, kuma ita ce dukiyar itaciyar. Baƙa ce, mai sheƙi, mai taurin da haƙori ba ya fasa ta, ba a kuma cin ta ɗanya. Mayar da ita daddawa aiki ne na kwanaki, kuma sana'ar mata ce, galibi dattawa, wadda ake koya a gindin murhu daga uwa ko kaka ko uwar miji. Da farko ana wanke kalwa a shanya. Sai a ɗora ta a babbar tukunya, a yi ta iza wuta ana ƙara ruwa wuni guda cur, wani lokaci har da dare, sai ɓawon ya kumbura ya yi laushi. Daga nan a juye a turmi, a barbaɗa toka ko yashi, a riƙa sussukawa don ɓawon ya saɓule ba tare da ƙwayar ta farfashe ba. Sai wanki, wanda ke cin ruwa mai yawa, shi ya sa masu daddawa da dama suke kai kayansu bakin rafi ko gindin rijiya. Ana murzawa a kwando, ɓawo yana tasowa ana zubarwa, ana tsince duwatsu da ƙwayoyin da suka ƙi dahuwa. Abin da ya rage, tsakiyar ƙwaya mai haske, a sake dafa shi na ɗan lokaci, sau da yawa da ɗan kanwa. Tun yana da zafi ake tsane shi, a zuba a kwando ko masaki da aka shimfiɗe da ganye, a rufe da wani ganyen da tsummoki da buhu, a ajiye a lungun ɗaki mai ɗumi.

Kwana biyu zuwa uku ake bari a rufe. Mai daddawa ba ta buɗewa ta duba. Hancinta ne ke gaya mata. Idan warin ya cika ɗakin har ya fito tsakar gida, ta san aiki ya yi. Ta buɗe ta tarar da ƙwayar ta yi duhu, ta yi laushi, tana yauƙi. Sai ta kirɓa ta a turmi, ta mulmula, ta fyaɗa ta fale-fale a tafin hannu, ta jera a tabarma ko bisa rufin rumfa rana ta busar da ita har ta koma baƙa ƙirin. Daga wannan baƙin ne aka samu karin maganar daddawa da ke yi wa manda (wani baƙin gishiri) gorin baƙi, wato mai laifi yana zargin ɗan'uwansa da irin laifinsa. Masu binciken abinci sun gano cewa wata ƙwayar halitta da ido ba ya gani, mai suna Bacillus subtilis, ita ce ke ruɓar da kalwar, ta narkar da sinadarin gina jiki da ke cikinta, ta fid da warin da ɗanɗanon. Kusan kashi ɗaya cikin uku na busasshiyar daddawa sinadarin gina jiki ne, ga kuma mai. A gidan da nama ba ya shiga sai ranar kasuwa ko ranar salla, daddawar da ke cikin miyar kuka da busasshiyar kuɓewa da karkashi tana cike wani giɓi da mai girkin ba ta san sunansa ba, ta dai san miyar da babu ita lami ce. Busasshiyar daddawa takan yi watanni ba ta lalace ba, don haka fatake suka riƙa ɗaukar ta zuwa garuruwan arewa da itaciyar ba ta fitowa. Inda kalwa ta yi wuya kuma akwai daddawar batso, wadda ake yi da 'ya'yan yakuwa, tana maye gurbi.

Kwanson da aka ɓare ba ya zuwa juji. Shi ne makuba, kuma a zamanin ginin ƙasa kayan aikin magina ne da na mata. Ana daka shi ko a jiƙa shi a ruwa kwanaki har ruwan ya rine ya yi kauri. A cikinsa akwai sinadari mai bauri irin na bagaruwa, wanda ke ɗaure ƙasa ya sa ruwa ya riƙa zamewa daga jikinta. Magina sukan kwaɓa garin makuba da jar ƙasa su yi yaɓen bango, musamman fuskar da ruwan damina ke duka daga gabas, kuma bayan 'yan shekaru a sabunta. Launin nan mai duhu da ake gani a tsofaffin zauruka na Zariya da Kano, da yawansa daga nan ya fito.

Daɓe kuwa aikin mata ne. Idan za a kai amarya, ko an gina sabon ɗaki, sai a zuba tsakuwa ko marmara a baje, a yayyafa ruwa, matan gida da na maƙwabta su taru kowace da madaɓinta na itace. A durƙushe suke aikin, a jere, suna bugawa tare, ɗaya tana ba da waƙa saura suna amsawa, saukar madaɓai a ƙasa ta zama ita ce kiɗan. Ana bugu ana yayyafa ruwan makuba, a bari ya sha iska, a sake komawa, har daɓen ya yi santsi da ƙyalli, ya yi taurin da tsintsiya ba ta tayar da ƙura a kansa. Waƙoƙin daɓe, waɗanda yanzu ake nazarinsu a sassan Hausa na jami'o'i, a irin wannan taro aka haife su, kuma a cikinsu ne mata ke sakin habaici ga kishiya da uwar miji ba tare da an kama sunan kowa ba. Masu ginin tukwane ma sun san makuba. A ƙasar Gbagyi, inda shahararriyar mai ginin tukwanen nan Ladi Kwali ta koyi sana'arta, ana yayyafa wa tukunya ruwan makuba da zarar an ciro ta daga wuta, ya ƙone a jikinta, ya toshe ƙofofin yumɓun, ya bar ta da duhu da sheƙi. Masunta a wasu wurare sukan zuba dakakken kwanson a ruwan da ba ya gudu don kifi ya jigata ya taso sama.

Sauran sassan ma kowanne da mai nemansa. Masu maganin gargajiya suna dafa sassaƙen ɓawonta don kurkure baki saboda ciwon haƙori da wanke gyambo, suna kuma neman kaucin da ke fitowa a rassanta. Masu zuma suna ɗora amya a cikin rassan saboda furenta. Makiyaya suna sassabo ganyenta da rani. Itacenta kuwa bai da wani ƙarko, gara da ƙwari suna cinsa da wuri, don haka ba a cika neman sa don azara ko ginshiƙi ba. Wannan rauni ya taimake ta: ɗorawa a tsaye ta fi ɗorawa a kwance kuɗi nesa ba kusa ba.

Saboda haka manomin da ke sassabe yakan kewaye ta. Ya san gero da dawa ba sa yin kirki a ƙarƙashin inuwarta, amma ya yi lissafi ya ga abin da take bayarwa a sama ya fi abin da take hanawa a ƙasa, wani kuma yakan shuka barkono ko gwaza a gindin, tunda su suna jure inuwa. Haka gonakin karkara suka samu kamanninsu, fili a share amma da manyan itatuwa jefi-jefi, ɗorawa da kaɗanya da kuka da tsamiya da gawo. Al'ada ta kuma kafa mata dokoki. Itaciyar dukiya ce mai zaman kanta: ana gadonta, ana jinginar da ita, ana iya sayar da gona a riƙe ɗorawar da ke ciki, ko a sayar wa mai daddawa 'ya'yan shekara tun suna sama. A wasu garuruwa ba a fara sauke 'ya'yan sai mai gari ya ba da izini, don kada gaggawa ta sa a kakkaɓe garda. A ƙasar Dagomba ta arewacin Gana ikon 'ya'yan ɗorawa yana hannun masu sarauta, ko da gonar ta wani ce. Duk waɗannan ƙa'idoji sun tsaya ne a kan abu guda, wato mutane da yawa suna da abin da za su rasa idan aka sare ta.

Canjin da ya biyo baya ya zo ne ta hanyar samun madadin kowane amfaninta, ɗaya bayan ɗaya. Makuba ce ta fara faɗuwa. Da siminti da kwanon rufi da bulo suka yaɗu, musamman bayan kuɗin man fetur na shekarun 1970, daɓen siminti ya zama abin da dangin amarya ke tambaya, daga baya kuma leda da tayil. Birkila ɗaya da lebura suna gama ɗaki a wuni, babu buƙatar tara mata. Madaɓi ya koma bayan ɗaki, waƙoƙin da ke tafiya da shi suka rasa wurin rera su, kwanson ɗorawa kuma a wurare da yawa ya zama abin hura wuta. Garin ɗorawa ya sha kaye a hannun sukari da alewa da lemon kwalba, har yaron birni yana iya girma bai san ɗanɗanonsa ba.

A tukunyar miya kuwa abokin takarar daddawa shi ne dunƙule. Kamfanin Julius Maggi na Suwizalan ya fara yin dunƙulen miya a 1908, ya haɗe da Nestlé a 1947, kuma a rabin ƙarshe na ƙarni na 20 kayansa suka mamaye kasuwannin Afirka ta Yamma, har sunan Maggi ya zama sunan kowane irin dunƙule a bakin Bahaushiya, garin Ajinomoto ma aka kira shi farin magi. Dalilan karɓuwarsa a bayyane suke. Ba ya wari a ɗaki ko a hannu, ba ya buƙatar daka, ana sayensa ɗaya-ɗaya a kowane kanti, ga talla a rediyo da talabijin da shirye-shiryen girki da suka haɗa shi da wayewa. Amaryar birni ta fara jin kunyar warin daddawa a kicin ɗinta. Duk da haka dunƙule bai kore ta gaba ɗaya ba. Yawancin masu girki sun haɗa su biyun, domin miyar kuka da ba a sa mata daddawa ba kowa yana ganewa tun daga lomar farko. Kamfanoni ma sun lura da haka, har kamfanin Cadbury a Najeriya ya taɓa fitar da dunƙule mai suna Dadawa.

Ita kanta kalwa ta samu kishiya. A kudancin Kaduna, wajen Kafanchan, mata sun gano cewa waken soya yana ruɓa ya ba da daddawa, kuma zuwa shekarun 1980 sana'ar ta kafu ta bazu. Waken soya ana soya shi a ɓarza ɓawon ya fita, dahuwarsa ba ta cin itace da lokaci kamar ta kalwa, ana kuma noma shi kowace damina a samu a kasuwa. Masu sayen da suka san abin suna rarrabewa, suna tambayar ta kalwa ce ko ta soya, kuma ta kalwa ta fi tsada. Amma ga itaciyar, ma'anar wannan sabon abu ita ce ana iya samun daddawa ba tare da ita ba.

Yayin da amfaninta ke raguwa, matsi a kanta yana ƙaruwa. Farin da aka yi a shekarun 1970 da na 1980 ya kashe ɗorayi da dama a iyakarta ta arewa. Yawan jama'a ya sa an daina barin gona ta huta, kuma a saurar da aka bari ne ƙananan itatuwa ke samun damar tasowa. Garmar shanu da tarakta ba sa kewaye tsiro kamar yadda mai fartanya ke yi. Awaki suna cinye wanda ya tsira da rani. Ana kuma kwashe 'ya'yan kakaf kowace shekara, ƙwayar da za ta faɗi ta tsiro kaɗan ce. Gado yana raba gona ƙanana-ƙanana, mai ɗan fili kuma ba ya iya haƙuri da inuwar da ta cinye rabinsa. Ga masu gawayi da masu gidan burodi da ke sayen itace, ga injin yanka da ke kwantar da itaciyar shekara ɗari kafin azahar. A gefen birane gonaki sun zama filotai. Unguwanni kamar Ɗorayi sun cika da gidaje, sunan ya rage, itatuwan sun yi ƙaranci. Wanda zai dasa itace a yau yakan zaɓi mangwaro ko darbejiya ko turare, masu saurin girma, domin ɗorawa takan ɗauki shekara takwas zuwa goma kafin ta fara haihuwa, ta kuma ƙara wasu shekarun kafin ta cika.

A 'yan shekarun nan daddawa ta fara dawo da martabarta a birane. Masu fama da hawan jini da aka ce su rage gishiri sun waiwaye ta, tunda kusan rabin dunƙule gishiri ne. Ana niƙa ta gari, a haɗa da yaji ko a bar ta zalla, a zuba a robobi masu murfi, a sayar a manyan kantuna da ta intanet, a kuma aika wa 'yan Afirka ta Yamma mazauna Turai da Amurka. Masu bincike a jami'o'in Najeriya suna gwada ruwan makuba wajen ƙarfafa tubalin ƙasa. Kalwa tana da tsada a kasuwa, kuma da yawan wadda ake dafawa a garuruwan arewa daga kudancin yankin ake kawo ta a buhuna. Sai dai kasuwar ta farfaɗo ne a kan tsofaffin itatuwa. Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da bazara zai ga ɗorayi manya-manya tsaye a gonaki ɗauke da 'ya'ya, amma zai yi tafiya mai nisa kafin ya ga matashiya a tsakaninsu. Mafi yawan waɗanda ake ci a yau kakanni ne suka kewaye su da fartanya, kuma yawan kalwar da za a samu nan da shekara talatin ya dogara ne ga adadin tsiron da manoman yanzu suka bari ko suka dasa suka killace daga awaki.